Duwatsun Barau Mai Haƙar Rijiya

Ku matso, akwai wata magana da ko kunnena na hagu ban yarda ya ji ba. A kan Barau ce. A'a, ku dakata mana, ai ba a shan fura sai an dama. Ku san mutumin tukuna.

Barau ɗan kawuna ne, abokin wasana, sana'arsa haƙar rijiya. Daga Sule Tankarkar har Maigatari ba garin da bai huda ba. Da za a haɗa ramukansa, wallahi mutum zai shiga a Gumel ya ɓullo a Damagaram. Ga shi siriri, in ana zura shi sai an leƙa a tabbatar yana jikin igiyar.

Kun san ƙasarmu, rairayi ne zalla, dutsen niƙa ma sai an kawo mana daga Kazaure. To shi Barau in ya yi nisa a ƙasa, wani lokaci sai ya fito da ɗan dutse mai baki kamar gatari. Kowa ya san gatarin aradu ne, tsawa ke jefo shi. Barau ya ce atafau, hannu ne ya sassaƙa shi. "Ga inda babban yatsa ke zama," in ji shi. "Akwai waɗanda suka riga mu zama a nan, tun ba a san ƙarfe ba." Yana tara su a tsohuwar tukunya, kowanne ya san rijiyar da ya fito da kuma zurfin gaba nawa.

Ni ce na raɗa masa Sarkin Aradu. Har waƙa na yi masa, mata na rerawa a bakin turmi. Hadari na tasowa sai in ƙwala masa kira, "Sarki, fito da tukunya, za a yi rabo!" Shekara ashirin yana dariya. Sai shekarar fari, wadda aka fito da naira, ranar bikin 'yarsa Murja, dangin ango suka ɗauki waƙar a tsakar gidansa. Ranar bai yi dariya ba. Kashegari ba tukunya.

Wata biyu tsakani sai ga mota da wani malamin jami'a daga Zariya. Ya kwance ƙyalle a ƙofar mai gari, sai ga irin dutsen Barau sak. Ya ce aikin mutanen da ne, shekaru dubbai, kuma yana neman wanda ya taɓa tsinta, ya san wurin da zurfin. Aka kira Barau. Ya karɓi dutsen, ya ɗora yatsa, ya daɗe, sannan ya mayar, ya ce:

"Malam, nawa sace su aka yi."

Motar ta nufi Gagarawa, shekara huɗu ke nan ba ta dawo ba. Ba wanda ba mu zarga ba, har da ni.

To ga maganar. Jiya da hantsi na je gidansa aron rariya, na tsaya bayan zana in gyara ɗankwali. Ɗankwalin nan ya ɗauke ni tsawon dahuwar wake. Sai na ji shi da matarsa Zinariya. Ashe ba ɓarawo. Shi da hannunsa ya juye su a wata rijiya da ta rufta, ya bi da ƙasa.

"Ba ka haƙo su ba, Malam?" in ji ta.

"Rairayi mai gudu ne, ya haɗiye. Saba'in da ɗaya, Zinariya. Kunya ta hana ni gaya wa baƙon. Da na daure wata biyu kacal, da an san ba hauka nake ba."

Ya ce ɗaya ya rage, kwanan nan ya tsince shi a aljihun tsohuwar taguwarsa. Ni mai bakin da ya ci gari, sai na fara ja da baya in sulale.

"Sabuwa," na ji ya kira sunana, "zanata ba ta sa lalle a ƙafa. Shigo. Kawo babban yatsanki."