Gaisuwar da Na Yanke

Shekarar da na yi ritaya daga ofishin auduga ita ce shekarar da matata ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yana biyu suna kudu, namijin a Yawunde, macen a Duwala. Gidanmu na unguwar Rumde Ajiya a Garwa cike yake da mutane, amma duk 'yan kasuwa ne kamar kakanninmu da suka zo daga Kano. In ba zancen atamfa da kwastan ba, ba su da abin faɗa mini, ni ma ba ni da abin faɗa musu. Sai na tsiri zuwa bakin Binuwai kowace la'asar, in zauna ƙasa da gada ina kallon dorina tana fito da hanci.

A nan na haɗu da wani tsohon masunci, Bakabe, wanda iyayensa suka biyo ruwa har suka yada zango a Garwa. Idonsa ya yi rauni, ya daina shiga kwalekwale, sai gyaran taru da lalube. Ranar farko na gaishe shi da Fulatanci kamar yadda ake gaida kowa a garin, ya amsa mini da Hausa, ya matsa mini gefen tabarma. Daga ranar wurin zamana ke nan.

Mutumin nan ya san kogin kamar tafin hannunsa. Ya gaya mini yadda ruwa ke malala cikin fadama da damina kafin a datse shi a Lagdo, da inda masu ɗibar yashi suka cinye gaɓa, da yadda leda ta fi kifi yawa a taru. Amma duk inda zancen ya zaga, sai ya dawo kan kifi ɗaya, yauni. Ya ce yauni na haɗa sheƙa da ciyawa a kan ruwa ya zuba ƙwai a ciki, ya tsaya gadi, kuma rabonsa da ganin sheƙar tun yana da ƙarfin tuƙi.

"Malam," ya ce mini wata rana, "abu ɗaya nake son sani kafin in mutu. Can ƙasa, ta ɓangaren Najeriya, yauni na yin sheƙa har yanzu, ko ya ƙare a duniya?"

Ni kuwa da bakina na ce zan tambayar masa. 'Yata ta buɗe mini shafi a intanet, irin wanda ake cewa bulog, don in rage zaman shiru. Na gaya wa tsohon cewa duk abin da aka rubuta a can, duniya gaba ɗaya na gani. Haka aka gaya mini, haka na yarda.

Muka fara. Shi ya faɗa, ni in rubuta a littafi, washegari in hau moto, wato acaɓa, zuwa siba, ɗakin da ake hayar kwamfuta, in buga da yatsa biyu. To ni tun ina saurayi ni ke rubuta wa 'yan unguwa wasiƙa, kuma ina taƙama da hakan, don ba a taɓa dawo mini da wasiƙa an ce ta yi rashin ladabi ba. Tsohon kuma ba ya buɗe baki sai ya gaida kowa. Saboda haka kowane rubutu da sallama yake farawa, sai gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sai a gaida masunta na sama da na ƙasa, da sarakunan ruwa, da iyalansu, a tambayi gajiya, a tambayi damina. Sai an ci rabin shafi kafin kifi ya leƙo. Kan rubutun kuwa, Wasiƙa ta Ɗaya, Wasiƙa ta Biyu, har muka kai ta ashirin da wani abu.

Ba wanda ya amsa. Akwai wani ɗan wuri da ke nuna yawan waɗanda suka leƙa shafin, kullum mutum biyu ne, kuma na san su: ni da 'yata. Kowace la'asar tsohon zai ɗaga kai da jin takuna ya ce, "An amsa?" In ce tukuna. Ya ce hanya ce da nisa, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ƙannena a gida suka sa mini suna mai wasiƙa ga kifi. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Da babbar salla 'yata ta zo. Na kai mata ƙarar mutanen zamani, na ce ba sa karatu, ba su san darajar magana ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗauki wayarta ta rubuta "kifin yauni a kogin Binuwai" a wurin bincike. Shafina bai fito ba. Ta rubuta "gaisuwa mai yawa da fatan alheri", ta yi ta gangarawa, sai ga ni can ƙasa cikin taron masu gaisuwa.

"Baba," ta ce, "na'urar nan kan magana take dubawa da layukan farko. Kai kuma ka cika su da gaisuwa. A wurinta shafinka na gaishe-gaishe ne. Wanda ke neman kifi ba zai taɓa faɗowa kanka ba."

"To ita na'urar ba ta da iyaye ne?"

"Ba ta da su, Baba."

Na yi fushi kwana biyu, har tuwonta na ƙi yabawa. Rana ta uku na sauko, muka zauna. Wasiƙa ta Bakwai ta koma "Sheƙar yauni a kogin Binuwai: ko akwai wanda ya gan ta?" Ta sa na rubuta sunan kogin yadda masu Faransanci ke rubutawa da yadda masu Turanci ke rubutawa, na ambaci Garwa da Yola da garuruwan da ke ƙasa, na sa hoton taru da bayani a ƙarƙashinsa. Ta nemo wasu shafuka na masu rubutu kan koguna da itatuwa, muka aika musu, muka ce su nuna namu mu nuna nasu. Gaisuwar kuwa, ni da hannuna na yanke ta, wasiƙa bayan wasiƙa. Ban gaya wa tsohon ba.

Bayan ta koma Duwala, masu leƙawa suka fara ƙaruwa. Murna ta ɗebe ni, na je na karanta wa tsohon sabon rubutun a wayar da ta bar mini. Na fara kai tsaye daga yauni. Hannunsa ya tsaya a kan taru.

"Ka tsallake farko."

"Dattijo, an gyara ne. Ta haka za a same mu."

"Ina gaisuwata?"

Na yi masa bayanin na'ura kamar yadda aka yi mini. Ya ce, "Wato ka shigar da ni gidajen mutane ba sallama. Da tsufana. Ka sa na tsaya a tsakar gidansu ina tambaya kamar ɗan sanda."

Ni ma zuciya ta ɗebe ni, na ce wata nawa muna sallama ba wanda ya amsa, gaisuwar ce ta binne mu. Ya naɗe tarunsa, ya naɗe tabarmar, ya kama sandarsa. Washegari na zo, na yi sallama, ya amsa a taƙaice, bai matsa mini ba.

Sati shida ina zama ni kaɗai a kan wani dutse, nesa da shi kaɗan, ina ganin ƙeyarsa. Lamba tana hawa a shafi, ni kuwa ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba, ko a kwanakin zaman makoki. Baƙi suna karanta maganarsa a garuruwan da ban sani ba, mai maganar yana taku ashirin daga gare ni ba ya ce mini komai.

Sai wata safiya saƙo ya shigo. Wata malamar makaranta ce daga wani gari can ƙasa da Yola, 'yar masunta. Da la'asar na je na tsaya a kansa, na ce an amsa. Bai ce in zauna ba, a tsaye na karanta. Ga yadda ta fara: ko da yake dattijon bai gaishe mu ba, mu muna gaishe shi. Na so in haɗiye wannan layin, amma na yanke masa magana sau ɗaya, ban iya sakewa ba.

Ta tambayi lafiyarsa, ya ce wa wayar, "Lafiya lau." Ta tambayi iyali, ya ce, "Suna nan ƙalau." Ta tambayi ruwa, ya ce, "Da godiya." Sannan ta ce ta karanta wa mahaifinta tambayar, ya ce a gaya wa dattijon yauni ya yi ƙaranci ƙwarai, amma daminar da ta wuce ya ga sheƙa biyu a wata fadama, kuma ya hana a taɓa su.

Tsohon ya sa na maimaita. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. Ya matsa mini gefen tabarma, ya ce in rubuta. Ya gaida malamar, da mahaifinta, da masuntan garinsu ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su, ya ce a gaya musu ya yi sallama tun farko, a hanya ta faɗi. Bai ce ni na yar da ita ba. Na rubuta duka, ban rage ko kalma ba.

Da muka gama na buɗe sabon shafi a littafina, na ce gobe sai mu shiga zancen giwan ruwa, tunda yanzu ana jin mu.

"A'a, Malam," ya ce. "Tambayata ɗaya ce, an kuwa amsa. Akwai shi. Allah ya saka maka."

Kafin damina 'yarsa ta zo ta tafi da shi Lagdo, inda take aure. Ya daɗe yana ƙin bin ta, ashe amsar yake jira. Shafin yana nan, duk wanda ya nemi yauni shi yake fara gani, har ɗalibai na rubuto mini. Ina amsa musu da safe. Da la'asar kuma in hau moto zuwa ƙasan gada, in zauna a kan dutsen nan, ba mai ɗaga kai ya tambaye ni ko an amsa.