Hoton ƙudan zumar Baba

Baba mai amya ne a Kausani, ni kuma mai shagon hoto a Wudil, kusa da gada. Wata Juma'a da ya shigo cin kasuwa ya biyo ta shagona, ya zauna yana kallon ƙasa, ya ce tun yana saurayi yake tare da ƙudan zuma amma bai taɓa ganin fukafukinta tana cikin tashi ba.

"Kai da kake kama mutane a takarda, ba ka kama min ita?"

Bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Ni ɗan fari ne; ko sunana ba ya faɗa, ido kuwa ba ma haɗawa. Haka muka taso, kuma har alfahari nake da wannan kunyar.

Aikin ba na kyamara ba ne, na fitilar walƙiya ne. Sai ka rataya baƙin ƙyalle a inuwa, ka ajiye ruwan sukari a faranti, ka rage ƙarfin fitilar har haskenta ya fi ƙiftawar ido gajarta, domin wannan ɗan hasken ne ke tsayar da fiffike. A bayan shagona na kafa kayan. Na sha harbi har leɓena ya kumbura kamar ƙosai.

Cikin sati biyu na same ta. Tana sama, ƙafafu a lanƙwashe, jijiyoyin fukafukai uku sun fito tar. Na huɗun ne ya ɗan yi dishi-dishi a baki. Saboda wannan kawai na jefa hoton a durowa. Wai ni gwani, ba zan kai wa ubana aiki mai tabo ba. Kaico, girman kan banza.

Duk Juma'a sai ya tambaya, "An kama ta?" Ni kuma in ce, "Saura ƙiris, Baba." Damina biyu ina saura ƙiris. Da ya daina shigowa kasuwa na ce ai tsufa ne. In na je gaishe shi, kaina a sunkuye, shi ma yana kallon gefe kamar kullum, to me zan lura da shi? Mutanen gidan kuma ya hana su faɗa min, wai kada a ɗaga min hankali ina aiki. Har yau ina jin haushinsu, amma bai kai haushin kaina da nake ji ba.

Ranar da na samu wadda nake so, fukafukai huɗu a buɗe babu ko ɗigon tabo, na wanke ta babba, na hau babur sai Kausani. Na tarar da shi a gindin ɗorawar da amyarsa take. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa, ya riƙe hoton a juye, samansa a ƙasa. Ya daɗe a haka. Ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Sannan ya shafa takardar da babban yatsa, daga wannan gefe zuwa wancan, yana neman inda take.

A ranar na fara kallon idanun mahaifina sosai. Yanar ido ta rufe su, sun yi fari fat.

"Tana da kyau ko?" ya tambaye ni.

Na ce tana da kyau, Baba. Ban gaya masa akwai wata a durowa tun lokacin da yake gani ba.