Dokar ƙwallo da ta hana mu gayyar citta

Shekarun baya na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai in ji kamar in ja wa kaina kunne. Ni da na tsaya a aji uku na firamare, wanda ko sunana sai na natsu kafin in rubuta shi daidai, na tashi na kafa doka. Abin haushin ma, dokar ta zauna.

Sana'ata facin taya ce, a bakin titi kusa da tasha a nan Kafanchan. Yadda na zama manajan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu kuwa ba wani abin alfahari ba ne: ni ke da famfon iska. Kullum da yamma samari su kawo ƙwallo in hura musu, in tsare su ina koya musu wasa, ni da ban taɓa zura ƙwallo a raga ba tunda aka haife ni. Da suka gaji da surutuna sai suka ba ni muƙami, wai ko zan yi shiru. Ban yi ba.

Duk Disamba ana gasar cin kofi tsakanin unguwanni da ƙauyuka, a gama ta gab da Kirsimeti. Ƙungiyoyi kan zo daga wajen Manchok, wasu daga wajen Samaru Kataf, fili ya cika, masu rake da masu ƙosai su yi ciniki. Ana haka sai abokina ya karɓi ƙungiyar unguwarsu. Dillalin citta ne, tare muka tashi muna satar mangwaro a kwatas ɗin reluwe, shi ya zama Alhaji mai sito da motoci, ni na zama mai faci. Ba mu taɓa ɓatawa ba, ko azumi ya zo ko Kirsimeti, kwanon abinci na zirga-zirga tsakanin gidajenmu. Amma a ƙwallo ba ya jin kunyata.

Alhaji ya fara ɗauko 'yan wasa daga Jos da Kaduna, ya biya su kuɗi mai kauri, su zo su yi mana ruwan ƙwallaye su koma. Shekara bayan shekara kofi na ɗakinsa. Mutane suka daina zuwa kallo, don an san wanda zai ci tun kafin a hura usur. 'Yan Manchok suka ce ba za su ƙara ƙona kuɗin mota su zo a ci mutuncinsu ba.

A gidan kallon ƙwallo na ji samari na gardama cewa ko a Turai ana maganar a saka wa masu kuɗi iyaka, kada ƙungiya ɗaya ta saye duk gwanaye. Na ɗauki maganar da zafinta na kai mitin ɗin kwamitin gasa. Na ce daga yau kada a ba ɗan wasa abin da ya wuce kuɗin mota da na abinci. Aka tafa mini. Ciyaman ya ce ashe kan mai faci ba iska kaɗai ke ciki ba. Ranar har tafiyata ta canza.

Alhaji bai yi musu ba. Waccan shekarar bai ba kowa ko kwabo ba. Sai dai kowane ɗan wasansa ya koma gida da buhun shinkafa da sabuwar waya, golansu kuma aka ba shi babur, wai aro ne. Har yau ba a dawo da aron ba. Suka sake ɗaukar kofi.

Da shekara ta zagayo na koma mitin a fusace. Na ce a ƙara a cikin dokar: ko kuɗi, ko kaya, ko kowace irin alfarma, ko kafin gasa, ko bayanta, duk ƙungiyar da ta yi wa ɗan wasa a kore ta. Sakatarenmu ɗan Ibo ne da aka haifa a nan, Hausarsa ta fi tawa. Ya ɗaga biro ya kalle ni.

"Oga manaja, kowace irin alfarma fa ka ce. Ka tabbata?"

"Rubuta," na ce. "Kada ka rage ko wasali."

Da aka zo ɗaga hannu, Alhaji ya riga kowa. Da ina da wayo, da a nan na tsaya na yi tunani. Ni kuwa na ɗauka kunya ce ta kama shi.

To, mu a ƙungiyarmu muna da ɗan gaba guda ɗaya da muke taƙama da shi. Saurayi ne daga wani ƙauye a bayan gari, dogo, ba ya magana sosai, amma in ya samu ƙwallo a ƙafar hagu gola sai addu'a. Mahaifinsa ya rasu, ya bar mahaifiyarsa da gonar citta da ƙanne mata. Duk wanda ya san nan ya san Disamba lokacin tonon citta ne, kuma aiki ne mai karya ƙugu. Mutum ba zai wuni yana tono da fartanya ba, sannan gobe ya zo ya yi gudu a fili. Saboda haka muka saba, duk shekara magoya bayanmu su cika a-kori-kura, mu tafi gayya gonar uwar. Mu tone, ta dama mana kunu, ta dafa wake da doya, mu ci mu yi ta zolayar juna mu dawo. Shi kuma yaron ya samu sararin tirenin, wato atisayen ƙwallo. Ba wanda ya taɓa kiran wannan biya. Gayya ce kawai, irin wadda iyayenmu suka saba.

Waccan shekarar doka ta yi aiki. 'Yan Jos ba su zo ba, don ba mai barin garinsu saboda kuɗin mota. A wasan kusa da na ƙarshe muka haɗu da ƙungiyar Alhaji, ɗan gabanmu ya zuba musu biyu, muka fitar da su. Muka kai fainal karo na farko. Sai ga labari cewa wani koci daga Jos zai zo kallon fainal ɗin, kuma yaronmu zai zo gani. In ya burge shi, zai tafi da shi. Yaron kuwa, na ga ya wanke takalminsa ya shanya a kan rufin shagona, abin da bai taɓa yi ba.

Muka sa ranar gayya. Kafin ranar ta zo, Alhaji ya faka mota a gaban shagona, ya fito ya zauna a kan tsohuwar taya kamar yadda ya saba.

"Mutumina, na ji za ku gonar citta."

"Za mu. Ko za ka zo ka taya mu?"

"Ni ƙuguna ya tsufa. Tambaya dai na zo yi. Wannan gayyar, alfarma ce ko ba alfarma ba?"

Na yi dariya, na ce Alhaji ka ji tsoron Allah, gayya ai al'ada ce.

"Buhun shinkafa ma al'ada ce, in baƙo ya zo maka," in ji shi. "Ni ina ɗaukar leburori su tone mini citta, na san abin da ake biya. Abin da kuke yi wa yaron nan a wuni ɗaya ya fi abin da nake ba ɗan Jos. Kai ne babban mai kashe kuɗi a gasar nan, ba ka sani ba. Bambancinmu, ni da aljihu nake biya, kai da gadon bayan mutane."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska, wadda dama ita ce jarina.

Ya ce shi ba ya son ya cuci marainiyar gona. In na yarda, mu koma kwamiti tare a cire maganar alfarma gaba ɗaya, mu yi gayyarmu, shi ma baɗi ya yi tasa irin alfarmar. In ban yarda ba, doka dai tawa ce, shi zai karanta ta ne kawai a gaban mutane.

Na san abin da cirewar ke nufi. Baɗi 'yan Jos za su dawo da buhunansu, fili ya sake zama kango. Kuma, gaskiya, akwai wani abu bayan wannan: ban so a ce mai faci ya haɗiye dokarsa da bakinsa. Na ce masa doka ta zauna. Kwamiti ya zauna ya tabbatar: in magoya bayanmu suka taka gonar nan, an kore mu. Wani ya ce to a bari sai bayan fainal. Sakatare ya karanto, "ko kafin gasa, ko bayanta," ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. Kalmomina ne, ba a rage ko wasali ba.

Ni na je na faɗa wa uwar. Na same ta a tsakar gida tana tsaga citta da wuƙa. Na yi ta kewaye-kewaye, ina kawo Turai ina kawo adalci. Ta bari na gama.

"Baba manaja, wato ba za ku zo ba."

"Mama, doka ce ta hana."

"Wa ya yi dokar?"

Na ce kwamiti. Ta ci gaba da tsaga cittarta. Ta ce maƙwabta duk sun kwashe tasu, tata kaɗai ta rage a daji, kuma ɓarayi sun fara tone gefe ɗaya. Ƙasa ma tana ƙara tauri. Citta ba za ta jira kofi ba.

Saboda haka makon fainal gaba ɗaya ɗan gabanmu yana gona da fartanya, shi da uwarsa da ƙannensa. Matata ta kwashi wasu daga zumuntar mata na cocinmu suka je suka taya su wankin citta da tsagawa. Da na ɗaga gira sai ta ce, "Mu ba ma kallon ƙwallo, dokarka ba ta san da mu ba." Na yi kamar ban ji ba. Amma tono dai na namiji ɗaya ne, kuma shi ne.

Ranar fainal ya iso ana gab da farawa, jar ƙasa har gwiwa, tafin hannunsa duk ya faffashe. Fili ya cika maƙil, rabon da a ga haka an daɗe. Muna karawa da wata ƙaramar ƙungiya daga wajen Samaru Kataf, waɗanda da ko zagaye na biyu ba sa kaiwa. Yaron ya shiga, amma ƙugunsa ya ƙi. In ya juya sai ka ce tsohuwar tirela ce ke kwana. Ƙwallo ta zo masa a ƙafar hagu, shi da gola kaɗai, ya ɗaga ta sama ta faɗa cikin masu rake. Bayan hutun rabin lokaci shi da kansa ya ɗaga hannu a canza shi. Kocin Jos ya shiga motarsa kafin a tashi. Aka ci mu ɗaya. 'Yan ƙauyen nan suka ɗauki kofi a kai suna rawa har tasha.

Ban ce da an yi gayyar da yanzu yana Turai ba. Kociyoyi da yawa sun zo sun tafi da yara, yaran sun dawo da jaka ɗaya da ciwon gwiwa. Wataƙila da bai burge shi ba ko da lafiyarsa ƙalau. Ba wanda ya sani, kuma ni ba na cikin masu cewa da an yi kaza da kaza ta faru.

Abin da na sani shi ne gasar ta farfaɗo. 'Yan Manchok sun dawo. Yanzu ba a sanin mai ɗaukar kofi sai an buga, kuma dokar tana nan, an ɗan gyara ta bayan na sauka, wai gayya ba ta ciki. Ba a ma tuna wa ya kawo ta, ni kuma ba na tunatarwa. Alhaji har yanzu yana zuwa ya zauna a kan tayar nan, yana kirana babban lauya.

Idan samari suka kaure da gardama a gidan kallo, wasu na cewa a yanke wa 'yan wasan Turai albashi, wasu na cewa guminsu ne a bar su, sukan juyo su ce Baba me ka gani. Nakan ce iyaka tana da kyau, na ga amfaninta da idona. Mai kuɗi in ba a taka masa burki ba, shi kaɗai zai rage a fili yana wasa da kansa. Amma nakan ƙara da cewa mai kuɗi kullum yana da wata hanyar, in ka toshe wannan ya bi waccan, har ka gaji. Wanda ba shi da hanya sai ɗaya, shi doka ke samu a tsaye. Daga nan sai in yi shiru, su ɗauka hikima ce, alhali abin da na sani ne ya ƙare.

Yaron nan yanzu magidanci ne, yana noman citta sosai, Alhaji ne ma ke saye. Bai sake buga gasa ba. Yakan kawo babur ɗinsa faci wurina, mu gaisa lafiya lau, bai taɓa nuna mini komai ba. Wata rana ina durƙushe ina neman inda tayarsa ke yoyo a cikin baho, rediyo na maganar albashin 'yan ƙwallo, sai na ji ya yi 'yar dariya.

"Baba, akwai abin da na daɗe ina son tambayarka. Ranar da kuka zauna kuka yanke abin da ya kamata a ba ɗan wasa, akwai ɗan wasa ko ɗaya a ɗakin?"

Na ci gaba da juya tayar a cikin ruwa ina kallon kumfa. Na samu hudar, na liƙe, na hura masa iska, ya biya ya tafi.