Allurar da Ban Ji Ba

'Yan lakwal ɗinmu, abokan karatuna, ku sa ni a addu'a!

Yau da hantsi lokotoro, likitan da nake yi wa tafinta a nan Dakoro, ya buɗe akwati daga Maraɗi. Gilasan na'urar hoto ne biyu. Yana neman wanda zai fito da hoton kaska sosai, har gashin ƙafarta.

Ya ce, "Madamazal, ara mini hannunki in gwada."

Na miƙa ina dariya. Na farko, ya ce dishi-dishi. Ya ɗaura na biyu, ya matso dab da fatata. Sai ya tambaye ni:

"Farin tabon nan, tun yaushe?"

Na ce, "Ƙyasfi ne, Mushe Lokotoro. Tun damina."

Ya kira Baba Manjo, tsohon malamin jinyarmu mai yawan zolaya. Baba ya leƙa gilashin. Yau babu zolaya.

"Ɗiyata, rufe ido."

Na rufe.

"Kin ji?"

"Na ji mi, Baba?"

Na buɗe ido. Allura ce tsaye cikin tabon, har da jini! Wallahi ban ji komai ba!

Lokotoro ya faɗa wa Baba kalma ɗaya da Faransanci, ƙasa-ƙasa. Ya manta ni ce tafinta.

Kuturta, ya ce.