Ragowar Salati

Ranar da aka ce sai an yi wa yayata tiyata kafin ta haihu, Gwaggo ta hana ni zuwa asibiti. Ita ce babba a gidanmu na Ƙofar Ran tun rasuwar Inna, maganarta ba ta dawowa.

"Budurwa a ɗakin haihuwa? Zauna nan. Ke mai boko, ga aikinki."

Aikin shi ne rabon salati. A gidanmu idan abu ya yi tsanani, mata kan taru su yi salati dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu. Dokar Gwaggo kuma, kowa rabonta daidai da na 'yar'uwarta, ba ƙari ba saura. Ban taɓa jin malamin da ya faɗi haka ba, amma wa zai gaya mata?

Mu tara ne a kan tabarma bayan azahar. Na raba a kaina, bakwai suka yi saura. Wata maƙwabciya ta shigo tana gyara mayafi, muka zama goma, saura huɗu.

"Gwaggo, ba ta rabuwa."

"Sake dai. Wace irin lamba ce ba ta rabuwa?"

"Irin wannan. Taurin kai gare ta, kamar wasu."

Ta harare ni. Ni kuwa ina ta kiran mijin Yaya a waya, bai ɗauka ba.

Na san lambar nan tun muna aji biyar. Ta gaba ka karanta ko ta baya, ita ce dai. Idan ka fasa ta, huɗu ce sau sha ɗaya sau ɗari da ɗaya, kuma sha ɗayan da ɗari da ɗayan ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu. Ke nan a tsakar gida irin tamu, ko mu zama biyu, ko huɗu, ko sha ɗaya, ko mu jira ashirin da biyu. Na faɗa musu haka a gurguje.

"To a nemo mutum ɗaya mana," in ji Gwaggo.

Aka leƙa ta katanga aka yi kira. Sai ga mata biyu, uwa da 'yarta, kowacce da carbinta. Sha biyu. Wata ta kwashe da dariya, wata ta ce a kirawo ƙarin goma a huta. Babu wadda za a ce wa ta tashi, duk don Allah suka zo.

Na miƙe tsaye.

"Ku sha ɗaya ne, ɗari huɗu da huɗu kowacce. Ni ce ragowar."

Gwaggo ta buɗe baki. Ta ƙirga mu da yatsa, leɓenta na motsi, ta sake ƙirgawa. Dokarta ce ta kama ta.

"Ja'ira. Ɗauki fulas ɗin ruwan zafi ki tafi da shi."

Ban tsaya neman takalmina ba, silifas ɗin wata na zura. Mai keke ya sha masifata a hanya, kowane rami sai na ce masa ya yi sauri. Na iske ana tura Yaya a gadon taya, fuskarta duk gumi. Ta damƙe hannuna har ya yi zafi.

"Gwaggo ta bar ki?"

"Lissafi ne ya bar ni."

Ba ta gane ba, ta dai yi murmushi, ƙofa ta rufe. Na tsaya a baranda rungume da fulas, ina nawa salatin ba ƙirga, har aka fito aka ce mace ce, kuma uwar na numfashi lafiya.