Kofin da Bai Cika Ba

In ka shiga motar haya daga cikin birni, ka yi ta zama har kowa ya sauka, har kwandasta ya fara kallonka kamar ɓatacce, to ka iso unguwarsu. A nan kwalta ta ƙare. A daidai inda motoci ke juyawa akwai wani shagon shayi mai kujerun roba, da talabijin ɗin da ba ya nuna komai sai ƙwallo. Nan Mai Tire yake aiki.

Kowa Mai Tire yake ce masa, har 'ya'yansa a makaranta 'ya'yan Mai Tire ake kiransu. Ya zo shagon yana saurayi, da wanke-wanke ya fara, yanzu furfura ta cinye masa gemu. Ya san direban da ba ya son sukari, ya san malamin makarantar da ke zama a kan kofi ɗaya har ya gama duba jarrabawar aji guda. A lokacin ƙuruciyarsa yakan jera kofuna a kan tire, ya ɗaga da hannu ɗaya, ya ratsa tsakanin tebura yana gaisawa da mutane, ko ɗigo ba ya zuba.

Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ya riƙe shi ɗaki biyu ne a bayan shagon, waɗanda Hajiya mai shagon take bai wa wanda ke buɗewa da rufewa. A nan ya ajiye matarsa, tela ce, kekenta na jikin taga. A nan aka haifi yaransu duka. Kayan makarantarsu ƙamshin soyayyen ƙwai suke yi, aikin gida kuwa a teburin ƙarshe suke yinsa in mutane sun ragu. Ɗakin na mai aiki ne. Ranar da aiki ya ƙare, ranar za a karɓi makulli, kuma haya a unguwar nan yanzu ta fi ƙarfin irinsu, wallahi ko shagon ajiye gawayi ba za su iya kamawa ba.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa.

Da fari cokali ne ke ɗan kaɗawa a jikin kofi, ƙil-ƙil-ƙil, kamar ana kiran kaji. Sai ya daina sa cokali a ciki, ya koma ajiye shi a gefe. Daga baya ya koma tokare tiren da cikinsa. Ya je asibiti a ɓoye, likita ya ce magani zai rage, amma ba zai raba shi da abin ba, ya kamata ya huta. Hutu! Mutumin da gadonsa ma na wurin aiki ne, a ina zai huta?

Matarsa ta lura. Wata safiya dai ya ɗauki rigarsa ya ga an faɗaɗa ramukan maɓalli, an canza maɓallan da manya. Ya tsaya riƙe da rigar, kunya da tausayin kansa suka rufe shi. Bai gode mata ba, don in ya gode ya amsa ke nan.

Dabarar da ta rage masa ita ce ya daina cika kofi. In shayi bai kai baki ba, ko hannu ya girgiza ba zai zuba ba. Ya rage kaɗan, hannun ya ƙara. Ya sake ragewa. To amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Wani direba da ake kira Bakin Ganga ne ya fara. Ya leƙa kofinsa ya ce, "Mai Tire, wannan shayi ne ko rijiya? A taimaka mini da guga!"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma dariyar ba ta daɗe ba ta koma gulma. Wai madarar da ake ragewa ta ƙofar baya take bi. Wai dubi kumatun 'ya'yansa. Mutanen da ya yi shekara da shekaru yana bai wa shayi suka koma ɗaga kofi suna aunawa da yatsa a gabansa. Magana ta kai kunnen Hajiya, ta aiko cewa za ta zo da kanta.

Mai Tire ya san halin uwar ɗakinsa kamar yunwar cikinsa. Ba muguwa ba ce, 'yar kasuwa ce. Tsohon kukun shagon, da idonsa ya fara mutuwa, ta yi masa godiya mai daɗi, ta sa masa albarka, ta sallame shi. Amma mai karɓar kuɗin da aka kama da buhun sukari, da ya durƙusa ya yi kuka, sai ta yafe masa a gaban jama'a, don tana son a ce tana da yafiya. Yana nan yana aiki har gobe. Mai Tire ya juya abin nan a ransa har kansa ya yi ciwo: ɓarawo yana tuba, mai rawar hannu kuwa me zai tuba ya bari?

Da safiyar ranar da za ta zo ya faɗa wa matarsa abin da ya yanke. Ta cire ƙafa daga kan keke.

"Baban yara, kanka ɗaya kuwa? Kai da ko ƙwayar sukari ba ka taɓa shigo mana da ita ba?"

"In na ce ciwo ne, ina za mu kwana?"

"Allah ba zai hana mu wurin kwana ba. Amma yaran nan makaranta ɗaya suke da 'ya'yan mutanen da za su ji ka."

"Su ji. Gara a zage su suna da rufi a ka."

Ta yi kuka, ta roƙe shi don girman Allah. Bai saurare ta ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Hajiya ta iso da hantsi, lokacin da shago ya cika. Ta zauna a tebur na tsakiya, ta ajiye jaka, ta ce a kashe talabijin.

"Mai Tire, me nake ji haka?"

Ya durƙusa a kan simintin da shi ya share da asuba. Ya ɓoye hannun dama a ƙarƙashin na hagu ya ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya ne. Ina ragewa. Ina kai wa iyali. Sharrin shaiɗan ne, ki yafe mini."

Malamin makaranta ya sunkuyar da kai. Bakin Ganga ya ce, "Ai dama rana dubu ta ɓarawo," amma ba wanda ya taya shi. Daga bayan kicin, ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

Hajiya ta yi faɗa sosai. Ta tuna masa ranar da ya zo ba shi da ko takalmi. Ta ce amana ta ba shi ya ci. Ya yi ta cewa, "Haka ne, ranki ya daɗe." Da ta gaji sai ta sauke murya, ta dubi jama'a ta ce, "Saboda yaransa, na yafe. Ku shaida."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Ɗaki ya tsira. Ya ji kamar ya kwanta a wurin ya yi barci. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

"Tashi," in ji Hajiya. "Haɗo mini shayi, ka cika shi har baki, kowa ya ga yadda za a riƙa yi daga yau."

Ya tashi. Ya shiga bayan kantar shagon, ya zuba da hannun hagu, ya cika. Ya ɗora a kan tire. Tsakaninsa da teburinta ba nisa, amma duk idon shagon na kansa, ba damar tokare tire da ciki. Ya yi bisimilla a ransa, ya roƙi hannun nan kamar yadda ake roƙon mutum: yau kaɗai, don Allah, yau kaɗai.

Bai kai rabi ba kofin ya fara rawa a kan tire. Shayi ya ɓalle ta gefe, ya cika tiren, ya gangaro ta hannun rigarsa yana ƙona shi. Ya sa hannun hagu ya danne na dama, sai duka biyun suka ɗauki rawa. Da ya isa gabanta, abin da ya rage a kofin bai kai wanda yake kai wa mutane kullum ba.

Hajiya ba ta dubi kofin ba, hannunsa take kallo. Ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe?" ta tambaya a hankali.

"Ba komai ba ne, ranki ya daɗe, tsoro ne kawai. Sata na yi."

"Mai Tire."

"Ki yarda da ni, Hajiya, sata na yi! Ku faɗa mata mana! Bakin Ganga, ba kai ka kama ni ba?"

Bakin Ganga ya kawar da kai, idonsa ya yi ja. Duk shagon ba wanda ya yarda ya ce masa ɓarawo. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana neman mai shaida, shayi na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

Hajiya ta ɗauki jakarta. Muryarta ta yi laushi, irin laushin da ta yi wa tsohon kuku.

"Allah ya saka maka da alheri, ka yi mana aiki. Ba sai kun yi gaggawa ba, ku zauna har ƙarshen wata."