Ranar da Baƙona Ya Tura Ni a Safa da Marwa

Yawancin ƙwallon da na buga a rayuwata da baki na buga ta. A Nakkasa aka haife ni, wata unguwa a Makka, can saman dutse inda kakana ya yada zango bayan ya iso daga Kano, filin wasanmu kuwa wani ɗan sarari ne a karkace tsakanin gidaje. In ƙwallo ta kuɓuce, gangarawa take yi har titi, ni ake aika in kamo ta. Gudun da na yi suna da shi ke nan. Da na girma na samu aikin rakiyar masu umara a wani kamfani a unguwar Kudai, tumbi ya soma fitowa, labarin ma ya soma ƙiba tare da ni. A wurin mai shayi na zama ɗan wasan gefe da babu mai iya kamowa, wanda wani babban kulob na Jidda ya so ɗauka ba don matsalar takardu ba. Ranar da aka rushe unguwarmu muka koma Ka'akiyya na yi kuka kamar kowa, sai dai filin da zai ƙaryata ni shi ma ya tafi da gidajen. Shaida ɗaya ya rage, taubashina ɗan kawuna, mai tura arabiyya a Harami, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa ƙarfi. Shi kuwa da na fara labarin sai ya ce a ƙaro mini shayi, maƙogwaro na aiki.

Wata shekara aka haɗa ni da wata tawaga daga Singafo. Mu a Makka duk wanda ya fito daga wannan ɓangaren duniya Jawa muke ce masa, kamar yadda mu ma aka haɗa mu a buhu ɗaya ake ce mana Takari. A cikinsu akwai wani siriri mai ɗan furfura a gefen kai, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, yana ɗingisa ƙafar dama. Kujerar gaba ya zauna a bas saboda ya miƙe ƙafar, ni kuma ina kusa da direba. Na tambaye shi da guntun Turancina me ya same shi, ya ce ƙwallo ce. Shi ke nan ya taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Daga filin jirgin Jidda har muka shigo gari ina koya masa ƙwallo. Na faɗa masa yadda ake yanke mai tsaron baya, na ba shi labarin kulob ɗin Jidda, na kawo masa maganin gwiwa, man zaitun da habbatussauda. Har na tambaye shi, cikin tausayi, ko ƙasarsu tana da wurin da za a shimfiɗa fili, tunda na ji an ce gari guda ce. Ya yi murmushi ya ce ana ɗan taɓawa.

A harabar otal na ga wasu alhazai na wata tawagar sun nufo mu da wayoyi a ɗage. Na gyara hula, na shiga tsakiya, don na saba baƙi na son hoto da ɗan gari. Wata dattijuwa ta kama hannun rigata a hankali ta matsar da ni gefe. Ashe mai ɗingishin nan suke nema. Matarsa da suka zo tare ce daga baya ta zaunar da ni ta warware mini. Mijinta ya fara wasa a wani kulob na gida tun yana saurayi, ya yi wasu kulob-kulob a Malesiya da Indunisiya, ya komo gida, kuma ya daɗe yana sa rigar ƙasarsa. A gefe yake bugawa, daidai gurbin da na ba kaina a wurin mai shayi. Na ji kamar in nutse cikin dardumar otal ɗin.

Sannan ta faɗa mini abin da ya sa ta kira ni. Wasansa na ƙarshe wa ƙasarsa gwiwar ta tashi aiki, aka kwantar da shi a kan gadon ɗauka, mutum huɗu suka fitar da shi, mahaifinsa na zaune cikin 'yan kallo. An yi aiki, an sake yi, bai ƙara komawa fili ba. Tun ranar ya tsani a ɗauke shi, ko a asibiti ba ya yarda da keke. Ya ci alwashin wannan umarar da ƙafarsa zai yi ta, daga farko har ƙarshe. Ita kuma tsoro take ji, don likita ya ce tafiya mai nisa ba tasa ba ce. Ta roƙe ni in riƙa binsa da keke ko da ba zai hau ba.

Washegari da hantsi muka shiga Harami, na ɗauko arabiyyar kamfani. Ɗawafi ya yi shi a hankali, ya sha Zamzam, ya huta. Da muka zo Safa ya dubi keken kamar wanda ya ga maciji. Na ce ba sai ya hau ba, ya dafa shi kawai ya tura, ya zame masa sanda. Ya gwada. Keke ba kowa a ciki, ƙasa kuma marmara mai santsi, yana sakar masa nauyi sai ya zille gaba, saura ƙiris ya kifa. Ya sake shi ya ce in biyo shi da keken a baya.

Tsakanin Safa da Marwa akwai wurin da aka sa korayen fitilu a sama, inda maza ke yin sassarfa. A zuwan farko na ga ya tsaya cak a bakin koren, yana kallon tsofaffi masu gemu suna wuce shi da ɗan gudunsu. Mutumin da gudu ya ciyar da shi, ga shi yana jan ƙafa da ƙyar. Na ce masa sassarfar sunna ce, ba dole ba, ya ce ya sani. Tausayi ya kama ni, amma shaiɗan ɗin bakina bai mutu ba. A zuwa na biyu, muna dawowa, na ga ya kamata in rama kunyar jiya, in nuna masa ni ma ba a banza na yi magana ba. Ko umara ba na yi, ba abin da ya kai ni. Na tattare jallabiya, na danna keken, na zuba da gudu irin na Nakkasa. Ban kai ƙarshen koren ba na ji wani abu ya tsinke mini a bayan cinya kamar an ɗana mini roba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sai ga ni a durƙushe, alhazai na kewaye ni.

Ya iso yana ɗingishi, ya matsa wurin da yatsu biyu, ya ce jijiya ce ta ɗaure, ya ga irinta ba adadi. Ya nuna mini keken. Na ce wallahi ba za a yi haka ba, ni aka aiko in tura shi. Ya ce to in tashi. Na yunƙura na koma. Haka na hau, ya kama hannayen keken, muka shiga layin masu arabiyya.

Taku kaɗan muka yi na ji tafiyarsa ta canja. Yanzu keken ba ya zillewa. Yana jingina da dukan nauyinsa, ni kuma ina riƙe masa shi a ƙasa kamar buhun shinkafa. Tun da na tara tumbin nan, ranar ya fara yi wa wani amfani. In mun zo hawan dutse sai in sa hannu in riƙa murza tayoyin a ɓoye, in mun sauko in ɗan riƙe su. Ina jin numfashinsa a ƙeyata, yana addu'a da harshensu.

Wajen zuwa na biyar ƙafata ta saki. Na motsa ta, lafiya lau, zan iya miƙewa. A daidai lokacin na hango masu tura keke a tsaye gefe suna jiran aiki, rabinsu 'yan unguwarmu, taubashina a tsakiyarsu. In na tashi yanzu na karɓi keken, ba wanda zai san abin da ya faru. In na zauna, kafin la'asar labarin ya isa Kudai. Na waiwaya. Mayafin ihraminsa ya jiƙe sharkaf, gwiwar ta kumbura, yatsunsa sun yi fari a kan hannayen keken, kuma da sauran tafiya a gabansa. Na san in na tashi, ni da shi za mu musanya wuri. Na maida ƙafata kan matakin keken, na ɓata fuska kamar mai jin ciwo.

Taubashina ya gan ni. Ya dubi mai turawa, ya dube ni, ya matso yana danne dariya.

"Ya salam, ɗan wasan Jidda. Yau kai ne hajji? Yalla sauko, ko in karɓi turin, ka bar bawan Allah ya huta."

Na ce, "Halas, ba mu hanya. Shi zai tura."

Ya buɗe baki zai ƙara, sai ya kalli gwiwar mutumin, ya kalli hannuna a kan taya. Ya shige gabanmu yana buɗe mana hanya, yana cewa tarig ya hajji, tarig, wato a ba da hanya.

A zuwa na bakwai, muna barin Safa muka shiga ƙarƙashin koren, sai na ji keken ya ƙara sauri. Ba gudu ba ne, ko yaro mai koyon tafiya zai kamo mu, amma sassarfa ce, ƙafa na tashi kafin ɗayar ta gama sauka. Ina jin takunsa a bayana, ɗaya da ƙarfi ɗaya a raunane, har muka fita daga koren. Ban waiwaya ba, don na ji yana kuka, ni ma kuma idona ya cika.

A Marwa ya saki keken ya tsaya da ƙafafunsa, ya fuskanci alƙibla ya daɗe yana addu'a. Matarsa ta iso ta tsaya gefensa ta rufe fuska da mayafi. Ni ina zaune ina ta shafa cinya, ina ci gaba da wasan kwaikwayona. Da ya gama ya sunkuyo daidai kunnena.

"Ɗan'uwa, tun zuwa na biyar na ga kana kaɗa ƙafar nan. Na gode da ba ka tashi ba."

Labarin ya riga ni isa Kudai, kamar yadda na zata. Har yau in na shiga wurin mai shayi akwai mai miƙewa ya ba ni kujera, ya tambaya ko a turo ni. Kulob ɗin Jidda ya mutu murus, ban ƙara ɗaga zancensa ba. Amma wata rana wani baƙo ya tambaya ko gaskiya ne na taɓa buga ƙwallo, aka kwashe da dariya, ni ma na sunkuyar da kai ina juya cokali. Taubashina ne ya ajiye kofinsa ya ce shi dai bai taɓa ganin na ci ƙwallo ba, amma ya ga ranar da ɗan wasan ƙasa guda ya gama wasansa a tsaye saboda ni. Sannan ya ce a ƙaro mini shayi.